Maƙalar Mako: Mahaɗar Layin Dogo, Daga Tutar Ɗan Sanda Zuwa Wasan Kwamfuta



Kwanakin baya mun kwana uku muna fama da wata mahaɗa a cikin OpenTTD, wasan kwamfutar nan da mutum ke shimfiɗa layin dogo, ya sayi jirage, ya yi jigilar kaya da fasinja. Layi huɗu muka haɗa a wuri guda, muka jera sigina ta ko'ina, muka koma gefe muna jin mun iya. Ba a jima ba jirgin kwal ya tsaya a tsakiyar mahaɗar yana jiran na fasinja ya wuce, na fasinja yana jiran na katako, na katako kuma wutsiyar na kwal ce ta tare shi. Aka yi cirko-cirko. Neman mafita ne ya kai mu ga karatu, karatun kuma ya nuna mana cewa dokokin da wasan ke bi ba masu wasan ne suka ƙirƙire su ba. Gado ne daga ma'aikatan jirgin ƙasa na Birtaniya, kuma kusan kowace doka sai da aka ƙirga gawarwaki kafin a kafa ta.

Ranar 15 ga Satumba, 1830 aka buɗe layin Liverpool zuwa Manchester. A ranar bikin, jirgin da ake kira Rocket ya take William Huskisson, ɗan majalisa mai wakiltar Liverpool, wanda ya sauko ya tsaya a kan layi, kuma bai kwana ba. Matsalar jirgin ƙasa tun farko ke nan: direba ba shi da sitiyari balle ya kauce, ƙafar ƙarfe kuma a kan ƙarfe ba ta tsayawa nan take. Dole wani da ke ƙasa ya zaɓa masa hanya, ya kuma gaya masa ko gaba lafiya.

Dabarar farko ita ce agogo. Kamfanoni suka ajiye 'yan sandansu a bakin layi da tutoci. Idan jirgi ya wuce, sai a riƙe na bayansa na wasu mintuna kafin a sake shi. Amma agogo bai san cewa jirgin farko ya lalace a bayan kwana ba. Shi dai mintuna yake ƙirgawa.

Da wayar tangaraho ta zo, bayan Cooke da Wheatstone sun yi rajistar tasu a 1837, sai aka samu sabuwar dabara: a raba layi gaɓa-gaɓa kamar rake, kada a bar jirgi biyu cikin gaɓa ɗaya. Mai sigina na wannan baki ba zai saki jirgi ba sai na wancan baki ya buga masa cewa na gaba ya fita.

Ita ma wannan dabara sai da ta sha gyara. Ranar 25 ga Agusta, 1861 jirage uku suka bar garin Brighton a jere, tazarar 'yan mintuna a tsakaninsu, suka nufi ramin Clayton, inda layi ya huda ƙarƙashin tudu. Na farko ya shiga, sigina ta ƙi komawa ja. Na biyu ya taho, mai sigina ya ɗaga jar tuta a makare, ya zaci direban bai gani ba. Ashe ya gani, ya tsaya a cikin duhun ramin, har ya fara ja da baya. Mai sigina ya buga wa abokin aikinsa na ɗaya bakin yana tambaya ko ramin babu jirgi. Wancan ya ga na farko ya fito, sai ya amsa cewa babu. Shi yana maganar jirgi na farko, mai tambaya yana nufin na biyu. Aka saki na uku. Mutum 23 suka rasu. Mu da muke sana'ar kalma ya kamata mu tsaya a nan: tambayar daidai ce, amsar ma gaskiya ce, abin da ya ɓace kawai shi ne wane jirgi ake nufi. Shekara biyar bayan haka Charles Dickens ya fitar da gajeren labarinsa The Signal-Man, a kan wani mai sigina da ke zaune shi kaɗai a bakin rami. Shi kansa Dickens ya tsallake rijiya da baya a haɗarin Staplehurst na 1865.

Duk wannan maganar miƙaƙƙen layi ce. A mahaɗa abin ya fi haka rikici, domin akwai ƙarafan da ke karkata jirgi daga wannan layi zuwa wancan. A da, mutum ɗaya ke juya ƙarfen, wani dabam ke ɗaga sigina, kuma babu abin da zai hana sigina ta ce a wuce alhali ƙarfen yana kallon wata hanya. A 1843, a mahaɗar Bricklayers Arms da ke Landan, Charles Hutton Gregory ya tara sandunan sarrafa su a wuri guda. A 1856 John Saxby ya yi rajistar tsarin da za mu kira kulle-juna. A ƙarƙashin sandunan akwai sakatun ƙarfe da ke shiga juna. Idan ba ka daidaita hanya ba, sandar sigina ba za ta jawu ba ko da ƙarfinka ya kai na sa. Idan ka ba jirgi hanya, duk sandar da za ta buɗe wata hanyar da ta gitta ta sai ta ƙulle. Abin da ake tsoron mutum zai manta, an ɗora wa ƙarfe ya riƙe. Har yau a Shrewsbury akwai ɗakin sigina na Severn Bridge mai sanduna 180 yana aiki da irin wannan tsari.

Sai dai kayan akwai tsada, kamfanoni da yawa suka yi ta jan ƙafa. Ranar 12 ga Yuni, 1889, a Armagh ta ƙasar Ailan, jirgin da ya ɗauki yara da iyayensu zuwa yawon shaƙatawa ya kasa hawa tudu. Aka raba shi biyu, aka tokare taragun baya da duwatsu. Taragun suka murƙushe duwatsun, suka gangaro, suka yi karo da jirgin da aka saki a bayansu bisa ƙa'idar agogo. Mutum 80 suka rasu, da yawansu yara. A shekarar majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta kai ga tilasta abu uku a layukan fasinja: kulle-juna, raba layi gaɓa-gaɓa, da birkin da ke kama kansa idan tarago ya tsinke.

Saura rami ɗaya: sakata ta san matsayin sanda, amma ba ta san inda jirgi yake ba. Ranar 22 ga Mayu, 1915, a Quintinshill ta ƙasar Sikotilan, an ajiye wani ƙaramin jirgi a kan babban layi don masu sauri su wuce. Mai siginar da ya karɓi aiki, wanda a cikin wannan jirgin ma ya zo, ya manta da shi, ya ba jirgin sojoji hanya. Bayan karo na farko da kamar minti ɗaya, jirgi mai sauri daga Landan ya afka cikin tarkacen, wuta ta tashi. Fiye da mutum 200 suka mutu. Abin takaici, tun 1872 William Robinson na Amurka ya ƙirƙiro maganin: a saka ƙaramar wutar lantarki a cikin layi, duk jirgin da ya hau sai ƙafafunsa su haɗa wutar, sigina ta tsaya a ja da kanta. Ba a saka ta a Quintinshill ba.

Mataki na ƙarshe shi ne a hana layuka gitta juna gaba ɗaya. Tun ƙarni na 19, a mahaɗar Weaver da ke kan hanyar Liverpool, aka ɗora layi ɗaya bisa gada ya tsallake sauran.

Wannan tarihi shi ne masu wasanni suka sake bi, kusan sawu da sawu. Sid Meier ya fitar da Railroad Tycoon a 1990, Chris Sawyer ya biyo da Transport Tycoon a 1994. Siginar wasan Sawyer ta gaɓa ce zalla: duk girman mahaɗa, jirgi ɗaya take bari ya shiga. Daga baya masu sha'awar wasan suka ƙara siginar da ke leƙa mafita kafin ta buɗe mashiga. OpenTTD, wanda aka fara a 2004 kuma kyauta ne, ya samu siginar hanya a 2009: jirgi zai kama hanyarsa tun daga mashiga har mafita, wani jirgin kuma yana iya wucewa a lokaci guda muddin hanyoyinsu ba su taɓa juna ba. Sakatar Saxby ce ta dawo cikin lissafin kwamfuta.

Da muka koma kan mahaɗarmu, gyara uku muka yi. Mun cire duk siginar da ke tsakiyarta, domin sigina wurin tsayawa ce, kuma ba a tsayawa a tsakar mahaɗa. Mun bar fili bayan kowace mafita wanda zai ɗauke jirginmu mafi tsawo har wutsiya. Sannan muka sa layukan da za su rabu su rabu tukuna kafin masu shigowa su haɗe, inda kuma layi biyu masu cunkoso suka gitta muka yi gada. Yawan siginar da muka jera da fari don jirage su yi sauri, ita ce ta tsayar da su. Dama sauri kan haifi nawa.

A wasa, idan jirage suka cakuɗe sai mu rushe mu sake gini, babu wanda ya rasa ɗa. A Minna, Kaduna, Zariya da Kafanchan kuwa, inda layukanmu suka haɗu, mutane ne suka shekara da shekaru suna juya waɗannan ƙarafa dare da rana, kuma wasunsu suna raye a unguwannin ma'aikatan jirgi. Dickens ya samu labari a bakin rami guda. Wanda yake da kaka ko maƙwabci da ya yi wannan aiki, ya je da littafi da biro tun ana iya tambayarsa, ya kuma tambayo mana sunayen da suke kiran kayan aikin da Hausa, domin mu a nan sai da muka yi ta kwatance.

Sai mun ji daga gare ku. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.