Sani Magori: Daga Gonar Albasa Zuwa Bayan Kyamara

Duk wanda ya taɓa cin albasar Galmi ya san garin da aka haifi Sani Elhadj Magori a 1971, can jihar Tawa a Nijar. Shi ma ɗalibin waje ne irinmu. Aljeriya ya tafi, kuma ilimin aikin gona ya karanto, ba fim ba. Da ya dawo gida ya taɓa aikin jarida, sai daga baya ya tafi Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis a Senegal, ya yi digiri na biyu a kan shirya fim na labarin gaskiya.

Bai je nesa neman labari ba. Fim ɗinsa na 2008, "Pour le meilleur et pour l'oignon", a Galmi ya ɗauke shi. Wani manomi, Yaro, surukai da tsegumin gari sun matsa masa kan auren 'yarsa Salamatu, sai ya ce biki sai an cire albasa. Ka ga ke nan ranar auren yarinya ta koma hannun farashin buhu a kasuwa. A ganina karatun noman nan ne ya ba shi idon ganin haka. Fim ɗin ya ci kyautar AMAA a 2009.

Amma wanda ya kamata ɗan ƙungiyar nan ya nema ya kalla shi ne "Koukan Kourcia", wato Kukan Kurciya, na 2010. Akwai wata zabiya, Hussey, wadda a da waƙoƙinta ke zuga samari su tafi ci-rani bakin teku. Da yawa sun tafi ba su komo ba, har da mahaifin Sani, wanda ya daɗe a Abijan. Sai ɗan ya roƙi tsohuwar ta yi sabuwar waƙa, ta kiran gida, ya ɗauke ta suka bi hanya har Kodebuwa. Tambayar tana da nauyi: muryar da ta fitar da mutum, za ta iya dawo da shi? Mu da ke zaune a Doha, ana bugo mana waya ana cewa "yaushe za ka gama ne?", ba sai an yi mana fassara ba.

Kamfaninsa Maggia Images yana cikin waɗanda suka shirya "L'Arbre sans fruit" na Aïcha Macky 'yar Damagaram, kan matan da ba su samu haihuwa ba. Shi ma ya ɗauki kyautar AMAA a 2016.