Zounds: Rantsuwar Turawan Ingila da ta koma abin raha

Duk wanda ya karanta wasannin kwaikwayon William Shakespeare, da wuya bai ci karo da kalmar "zounds" ba, wadda 'yan wasa kan furta idan sun fusata ko sun yi mamaki.

A yau babu mai amfani da ita a Ingila sai don barkwanci, amma shekaru 400 da suka wuce, sam ba abin wasa ba ce.

Asalinta

Ita dai kalmar an gutsuro ta ne daga "God's wounds", wato raunukan Ubangiji. Ana nufin raunukan da Kiristoci suka yi imani an yi wa Annabi Isa, alaihissalam, a kan gicciye, kasancewar suna ɗaukarsa Ubangiji, aƙidar da ta sha bamban da ta Musulunci.

Tun kafin bayyanar kalmar, mutanen Ingila sun saba rantsuwa da jinin Almasihu, ko ƙasusuwansa, ko zuciyarsa. Malaman coci na kallon hakan a matsayin babban zunubi, domin a fahimtarsu mai irin wannan rantsuwa tamkar yana sake yayyaga jikin ne.

Har yanzu a bangon wani tsohon coci da ke Broughton, a yankin Buckinghamshire, akwai zanen ƙarni na 15 da ke nuna wasu maza 'yan ado, suna riƙe da sassan jikin Almasihu, a matsayin gargaɗi ga masu rantsuwa.

Dabarar da jama'a suka ɓullo da ita ita ce su haɗiye sunan Ubangiji, su bar ƙarshen maganar kawai. Ta haka aka samu "zounds", wadda ta fara bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 16. Sai dai dabarar ba ta ɓoye komai ba, domin kowa ya san abin da aka haɗiye.

Doka da tara

A shekarar 1606, zamanin Sarki James na Ɗaya, majalisar dokoki ta haramta ambaton sunan Ubangiji ko na Almasihu da wasa a dandalin wasan kwaikwayo. Tarar fam 10 ce, kuɗi masu yawan gaske a lokacin, rabi na sarki, rabi na wanda ya kai ƙara.

Ana iya ganin sawun wannan tsoro a cikin wasan Othello. Bugun 1622 yana ɗauke da rantsuwa iri-iri, ciki har da "zounds" a bakin Iago, amma a babban kundin wasannin Shakespeare na 1623 an share su, ko an sassauta su. Rantsuwa da Jove kuwa, babban abin bautar Romawan da, ba ta shiga cikin dokar ba, don haka marubuta suka samu mafita a wurinta.

Daga baya dokar rantsuwa ta 1745 ta yanka tara gwargwadon matsayin mutum: lebura ko ƙaramin soja sule 1, mai babban matsayi sule 5. Ba a soke ta ba sai a 1967.

Yadda ta dushe

Da tafiya ta yi nisa, aka manta da alaƙar kalmar da raunuka, har furucinta ya rabu biyu: wasu kan ce "zunz", daidai da asalinta, wasu kuma "zaunz", suna bin yadda aka rubuta ta. Daga nan ta zama kalmar da marubuta kan sa a bakin jaruman labaran zamanin da, don a ji ƙanshin tsohon zamani.

Wasu 'yan uwanta sun fi ta tsawon rai. Ana danganta "strewth", wato gaskiyar Ubangiji, da mutanen Ostireliya, yayin da a Birtaniya har gobe akan ji "blimey", wadda asalinta roƙo ne cewa Ubangiji ya makantar da mai maganar.