Yadda Sarakunan Tang Suka Cika Ƙasar Sin da 'Yan Gidan Li

A ƙasar Sin sunan zuriya ne ke zuwa da farko, sunan yanka ya biyo baya. Kuma cikin sunayen zuriya, Wang ne ke gogayya da Li wajen yawa, domin masu amsa Li sun haura miliyan 90. Wanda ya ji wannan adadi zai ɗauka wani kaka ne guda Allah ya yi wa albarkar zuriya. Tarihi bai nuna haka ba.

Akwai dai labarin kaka da kakanni da ke danganta sunan da Gao Yao, wani alƙalin zamanin da can. An ce wani jikansa ya gaya wa azzalumin sarki gaskiya aka kashe shi, ɗansa ya gudu ya rayu da 'ya'yan wata itaciya da ake kira li, sai ya ɗauki sunanta. Labari ne mai daɗi, amma na baka ne. Abin da ke rubuce shi ne, tun kafin haihuwar Annabi Isa akwai manya masu sunan, irin su Li Si, wazirin sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin wuri guda.

Sunan ya yi bunƙasar gaske ne daga shekarar 618, lokacin da Li Yuan ya kafa daular Tang, wadda ta kai har 907. Gidan sarautar ya ce shi jinin Laozi ne, malamin da ake jingina wa addinin Dao, wanda aka ce sunansa Li Er. Sannan suka mayar da sunansu abin tukuici. Kamar yadda sarki kan yafa wa barde alkyabba idan ya yi bajinta, haka sarkin Tang kan ba mutum sunan Li, 'ya'ya da jikoki su gada.

Janar Xu Shiji na cikin na farko da suka samu, ya koma Li Shiji. Sai dai kyautar sarki ba ta da tabbas: da jikansa ya yi tawaye a 684, sai uwar sarki, Wu Zetian, ta ƙwace sunan, gidan ya koma amsa Xu. Baƙi ma sun samu rabonsu. Zhuye Chixin, shugaban Turkawan Shatuo, ya taimaka an murƙushe wata tarzoma aka raɗa masa Li Guochang. Jikansa Li Cunxu ne ya kafa wata daula a 923 ya kira ta Tang, alhali jininsa ba na gidan ba ne. Shugabannin Tangut ma ta wannan hanya suka zama Li. A ganina dabarar ta fi kyautar ƙasa ko zinariya araha, kuma ta fi ɗaure mutum.

Daga nan sunan ya bazu ko'ina. Li Bai, mawaƙin da yaran Sin ke haddace baitocinsa har gobe, a zamanin Tang ya rayu. Li Shizhen, wanda ya rasu a 1593, ya tattara magunguna kusan 1,900 a kundi ɗaya. Li Zicheng kuwa ɗan talakawa ne da ya shiga Beijing da dakarunsa a 1644, daular Ming ta faɗi.

Bambancin lafazi da rubutun boko ne ya sa wasu ke rubuta Lee, kamar Lee Kuan Yew da ya jagoranci Singafo daga 1959 zuwa 1990, da Bruce Lee, wanda duk wanda ya taɓa shiga sinima ko gidan kallo a Kano ya san shi. Shi da Jet Li harafi ɗaya suke rubutawa da Sinanci, ba tare da sun haɗa dangi ba. Haka ma Li Keqiang da Li Qiang, wanda ya gaje shi a kujerar firaminista a 2023.