Saurin Bugun Zuciya Tare da Faɗuwar Jini: Magunguna da Matakan Gaggawa

Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Idan bugun ya haura 100, awon jini kuma ya sauka ƙasa da 90/60, wato kishiyar hawan jini, muna ɗaukar lamarin na gaggawa ne. Alamominsa sun haɗa da jiri, sanyin hannuwa da ƙafafu, gumi, raguwar fitsari da gushewar hankali.

Abin da ke haddasa shi

Sau da yawa zuciya na yin sauri ne domin ta cike giɓin ruwa ko jinin da jiki ya rasa. A karkara, manyan dalilan su ne amai da gudawa, zubar jini bayan haihuwa ko haɗarin mota, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da yaɗuwar ƙwayoyin cuta cikin jini. Saboda haka tushen ciwon ake magancewa.

Magunguna

1. Amai da gudawa: a zuba ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba majinyaci kaɗan-kaɗan. Wanda ya kasa sha sai a yi masa ƙarin ruwa.
2. Zubar jini bayan haihuwa: allurar oxytocin, ko ƙwayar misoprostol inda babu ita, da tranexamic acid cikin awa 3 da haihuwa, sannan ƙarin jini idan da buƙata.
3. Zazzaɓi mai tsanani: allurar artesunate idan na cizon sauro ne, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan ƙarin ruwa bai ɗaga jinin ba, likita kan sa noradrenaline ta jijiya.
4. Kumburin fuska da toshewar numfashi bayan allura ko harbin zuma: allurar adrenaline a cinya nan take.
5. Idan rikicewar bugun daga zuciyar kanta ne, gwajin ECG ke nunawa. Likita kan daidaita shi da na'urar lantarki ko magani irin su amiodarone.

Gargaɗi

Kada a sayi propranolol ko atenolol a kemis don rage bugun, domin suna ƙara faɗar da jini, har su kai ga rasa rai. Haka kuma ƙarin ruwa bai dace da kowa ba. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya, tana iya zama da raunin zuciya, wanda yawan ruwa ke tsanantawa.

Kira

Muna kira ga iyalai su kwantar da majinyaci, su ɗan ɗaga ƙafafunsa idan numfashinsa bai toshe ba, su garzaya da shi asibiti tare da magungunan da yake sha. Muna kuma roƙon shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai da dagatai su tabbatar da ruwan ƙari da oxytocin a asibitocin yankunansu, su tanadi motar gaggawa, su kuma ƙarfafa wa jama'a gwiwar ba da gudummawar jini.