Jirgin Yaƙi a Ƙasa Yake Mutuwa: Daga Kano 1967 zuwa Makurdi 2021

A watan Agustan 1967, makonni kaɗan bayan ɓarkewar yaƙin basasa, manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka riƙa sauka a filin jirgin saman Kano. Kayan da suka sauke jiragen yaƙi ne samfurin MiG-17, a wargaje, aka harhaɗa su a nan Kano. Birtaniya da Amurka sun ƙi sayar wa gwamnatin Yakubu Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya ga Mosko. A lokacin shekarar Rundunar Sojin Sama uku kacal da kafuwa, domin a 1964 aka kafa ta da taimakon Jamus ta Yamma. Ba ta da isassun matuƙa, don haka Misirawa ne suka tuƙa da yawa daga cikin jiragen.

Tun daga ranar, Nijeriya ta sayi jiragen yaƙi daga ƙasashe da dama. Kaɗan ne ƙwarai abokan gaba suka harbo. Mafi yawansu a rumfunansu suka mutu, tayoyi a sace, ƙura ta lulluɓe su.

Abu uku a jiki ɗaya

Jirgin yaƙi abu uku ne da ba sa tsufa tare. Akwai gangar jiki, wadda kan kai shekara 30 ko 40 idan ana kula da ita, kuma da awannin tashi ake ƙidaya ranta. Akwai inji, wanda dole a sauke shi a yi masa garambawul duk bayan wasu awanni da aka ƙayyade. Sannan akwai ido da ƙwaƙwalwa, wato rada da kwamfuta da na'urorin saita makami, waɗanda zamani kan wuce su cikin shekara goma. Ko jirgin da ke ajiye yana cin kuɗi: robobinsa na bushewa, kuma albarushin kujerar da ke cilla matuƙi waje idan an shiga haɗari yana da wa'adi, kamar magani.

Shi ya sa aikin ƙera jirgi ba ya ƙarewa ranar da aka miƙa shi. A 1974 F-16 na Amurka ya fara tashi, kuma har yau ana ƙera shi, amma in ban da siffa, kusan komai na cikinsa an sauya. Indiya ta sabunta na'urorin MiG-21 ɗinta a farkon shekarun 2000, ta ci gaba da amfani da su kimanin shekara 20 bayan haka.

Shekarun kuɗin mai

Da kuɗin fetur suka zo, aka shiga kasuwa da ƙarfi. MiG-21 ya iso daga 1975. Alpha Jet na Jamus da Faransa ya biyo baya a farkon shekarun 1980. A 1984 aka fara karɓar Jaguar guda 18 daga Birtaniya, sannan aka kawo L-39 guda 24 daga Cekoslobakiya, waɗanda makarantar horar da matuƙa ta Kano ta zama gidansu. Kowane samfuri da nasa kayan aiki, da littafin gyaransa, da injiniyoyin da sai an tura waje sun koyo shi.

Sai farashin mai ya faɗi, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran da ake saya da kuɗin waje suka gagara. Jaguar, wanda ya fi kowane tsada, bai cika shekara goma yana aiki ba aka jingine shi a Makurdi. MiG-21 ma ya bi sahu. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, Tarayyar Turai ta sa takunkumin makamai, ƙofar da ta rage ta rufe. Aka koma kwance wa wannan jirgi kaya don a tayar da wancan.

Alpha Jet ne ya tsira, ba don ya fi sauran ƙarfi ba, sai don ya fi su sauƙin riƙewa. Shi ya yi aikin ECOMOG a Laberiya da Saliyo, shi kuma aka dogara da shi da Boko Haram ta taso. A 2005 aka yi odar F-7 guda 15 daga Sin. F-7 kuwa MiG-21 ne da Sinawa suka kwaikwaya suka yi ta inganta shi. Wato mun sake biyan kuɗi mun sayi jikan abin da muka bari ya ruɓe.

Hanyar Kamra

Fakistan ma ta ɗanɗana takunkumi. A 1990 Amurka ta dakatar da ba ta makamai saboda shirinta na nukiliya, ta riƙe jiragen F-16 guda 28 da aka riga aka biya kuɗinsu. Bambancin shi ne, tun shekarun 1970 Fakistan ta kafa masana'anta a garin Kamra, ba don ƙera jirgi ba, sai don garambawul ɗin tsofaffin jiragenta na Sin da Mirage na Faransa. Har tsofaffin Mirage 50 ta sayo daga Ostireliya a 1990, ta gyara, ta sa wa da yawa sabuwar rada. Da rarrafe yaro kan tashi.

A 1999 ta ƙulla yarjejeniya da Sin kan ƙera sabon jirgi tare. JF-17 ya fara tashi a birnin Chengdu a Agustan 2003, kuma a Nuwamban 2009 na farko da aka haɗa a Kamra ya fito. Injinsa na Rasha ne, radarsa ta Sin, amma fiye da rabin gangar jikinsa a Fakistan ake yi. An kuma tsara shi rukuni-rukuni: na farko ya shiga aiki ko da bai cika ba, na biyu aka ƙara masa ikon shan mai a sama, na uku, wanda ya fara tashi a ƙarshen 2019, ya zo da rada mai bin abokan gaba da yawa lokaci guda ba tare da ta juya kai ba.

A Mayun 2021 Nijeriya ta ƙaddamar da JF-17 guda uku a Makurdi. Ƙasar da ta fara da gyara ita ce ke sayar mana.

Darasin da ke Kura

Ba wai ba mu taɓa gwadawa ba. An haɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi na Air Beetle a Kaduna a shekarun 1990, kuma a can aka nuna jirage marasa matuƙi, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗorewa.

Manomin shinkafa a Kura ko Bunkure ya san wannan ba tare da ya taɓa shiga jirgi ba. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, sa'ar MiG-21 ɗinmu ce. Jiragen sun zama tarihi, ruwan Tiga kuwa yana nan yana shiga gonaki. Amma duk inda aka daina yashe magudana, kachala ta toshe ta, na ƙarshen layi ya rasa ruwa. Kuma manomi ba ya sayen injin ban-ruwa sai ya tabbata akwai bakanikensa da kayan gyaransa a kusa.

Maganar ta shafi rayuka. Ƙauyen da 'yan bindiga suka kewaye ba ruwansa da adadin jiragen da ke rubuce a takarda, wanda zai iya tashi yau yake jira. Kuma harin kuskuren da aka kai kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017 ya nuna abin da ke faruwa idan jirgi ya tashi, amma ido da bayanan da ke ja masa gora suka gaza.

Yanzu Nijeriya ta yi odar M-346 guda 24 daga Italiya, ga kuma Super Tucano 12 da aka karɓa a 2021. Idan aka zo kare kasafin kuɗi, tambayar "guda nawa aka sayo?" ita ce mafi ƙarancin amfani. A tambaya: guda nawa ke iya tashi? A ina za a yi wa injin garambawul, kuma hannun wa zai yi? An ware kuɗin sabunta radarsa nan da shekara goma? Wa ke da ikon hana mu kayan gyara ranar da muka saɓa da shi? Ba a fafe gora ranar tafiya.