Tarihin Yankan 'Yan Wuya da Tsai da Jininsu

A ƙarshen bakin mutum, dama da hagu da belu, akwai waɗansu tsokoki biyu, su ne ake kira 'yan wuya. Larabawa na ce musu lauzataini. In suka yi ta kumbura suna ruruwa har haɗiya ta gagara, to, akan fid da su. Yankan kuwa ba shi ne ya wahal da masana na dā ba. Jini ne abin tsoro, domin wurin cike yake da jijiyoyi, ga shi ba a iya ɗaure makogwaro da tsumma kamar hannu ko ƙafa, kuma ta nan numfashi ke bi.

Wani masani na Rum, Selsus, a ƙarni na 1 na Miladiyya ya rubuta cewa a kwakwule su da yatsa, in sun ƙi a jawo su da ƙugiya a yanke, sa'an nan a kurkure da ruwan inabi mai tsami.

Amma wanda ya fi tsara al'amarin shi ne Abul Ƙasim Al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu wajen 1013. Littafinsa Al-Tasrif kashi 30 ne, na ƙarshe duk a kan fiɗa, har da zanen kayan aikin. Ya ce a zaunar da majinyaci yana fuskantar rana, kansa a cinyar likita, a danne harshensa da wani ɗan faifai na azurfa ko tagulla. Kafin a taɓa wuƙa sai a duba. In tsokar ta yi ja, gindinta kuwa mai kauri, kada a yanka, don gudun jini. Sai fara mai siririn gindi. In jini ya ɓalle bayan aiki, a dafa ɓawon rumman a ba shi ya kurkura. A ganina hikimarsa duk tana cikin sanin wadda ba a yankawa.

Shekaru suka shuɗe. A 1828 Likita Fizik na birnin Filadelfiya a Amurka ya gyara wani ƙarfe da ake yanke belu da shi, ya mai da shi na 'yan wuya, mai sara farat ɗaya. Sauri ake nema, domin majinyaci idonsa biyu. Da aka nuna maganin sa barci a Boston a 1846, sai likita ya fara samun sukunin tsayawa ya duba abin da yake yi. Wajen 1917 Likita Kuro na Baltimo ya bayyana amfanin ɓare tsokar duka a hankali, a kama kowace jijiya mai zubar da jini a ɗaure ta da zare. Daga 1926 kuma aka shigo da ƙarfen lantarki mai ƙone bakin jijiya.

Duk da haka jinin bai ba da kai gaba ɗaya ba. Kamar mako guda bayan aiki, sa'ad da ɓawon mikin ke faɗuwa, yakan sake tsinkewa, yaro kuwa yakan yi ta haɗiye shi ba a sani ba, sai an ga yana aman jini. Saboda haka ne likitoci ke gargaɗin a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.