Oshogbo, 1964: Yadda 'Yan Dirama Suka Rikiɗe Masu Zane

Mai karatu, a wannan watan zan ɗan ajiye sharhin finafinai in kai ka garin Oshogbo, babban birnin Jihar Osun a yanzu, mu koma shekarun 1960. Labari ne na wasu samari da ba su taɓa shiga ajin koyon zane ba, amma yau duk wanda zai rubuta tarihin zane-zanen zamani a Nijeriya dole ya ambaci sunayensu. Abin da ya ja ni ga labarin kuwa shi ne, kusan dukkan su 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ne.

Tushen abin dai Duro Ladipo ne, ɗan wani malamin coci, wanda ya samu saɓani da manyan cocinsu saboda ya shigar da gangunan gargajiya cikin waƙoƙin ibada. Da ya ga an ƙi, sai ya kwashe kiɗansa ya fita waje. A lokacin akwai wani Bajamushe, Ulli Beier, wanda tare da su Wole Soyinka da Chinua Achebe da J.P. Clark suka kafa kulob ɗin marubuta da masu fasaha mai suna Mbari a Ibadan cikin 1961. Ladipo ya ga abin ya ba shi sha'awa, ya ce shi ma sai ya yi irinsa a garinsu. A 1962 ya buɗe nasa a gidansu, inda a da yake da mashaya. Mutanen gari suka juya sunan ya koma Mbari Mbayo, wato da Yarbanci in na gani zan yi murna.

Ka lura da bambancin. Mbari na Ibadan na 'yan jami'a ne. Na Oshogbo kuwa 'yan kasuwa, makaɗa, 'yan makaranta da 'yan zaman kashe wando duk suna shiga. A nan ne ƙungiyar Ladipo ta riƙa nuna wasanninta, har da Oba Koso, wasan da ya ba da labarin Shango, wanda aka kai birnin Balin na Jamus a 1964.

To, 'yan wasa ba kullum ake kan dandamali ba. Sai aka fara shirya musu gajerun bita na zane. Denis Williams, mutumin ƙasar Giyana, shi ya jagoranci na farko-farko, inda aka gano Jacob Afolabi da Rufus Ogundele, wanda ɗan'uwan Ladipo ne kuma ɗan wasansa. Amma bitar da ta yi suna ita ce ta 1964, wadda wata 'yar Ingila, Georgina Betts, ta gudanar. Wannan baiwar Allah a Zariya ta fara zama da ta zo Nijeriya a 1959, kafin ta koma Oshogbo, daga baya ta auri Beier.

Bitar 'yan kwanaki ce kawai. Ba lacca, ba allo, ba a ajiye tulu a gaba a ce kowa ya kwaikwaya. A ba ka takarda da fenti da buroshi, ka zana abin da ke ranka, kowa yana leƙen na kowa, a duba, a yi magana a kai. Mutum huɗu suka yi fice: Muraina Oyelami, makaɗi kuma ɗan wasa, Adebisi Fabunmi, shi ma ɗan wasa, Jimoh Buraimoh, mai aikin lantarki da ke kula da fitilun dandamali, sai Taiwo Olaniyi, wanda duniya ta sani da Twins Seven-Seven.

Shi Twins ɗin nan labarinsa kaɗai fim ne. An haife shi a 1944, ɗan Ogidi ne a Jihar Kogi ta yanzu. Ya ce sau bakwai mahaifiyarsa tana haifar tagwaye, shi kaɗai ya rayu, daga nan sunan ya samo asali. Rawa yake yi wa masu tallar magani don tara jama'a. Ya faɗo wani biki a Mbari Mbayo ba da gayyata ba, ya cashe, aka ce ya zauna. Da aka ba shi alƙalami sai ya shiga zana aljanu da dodanni da namun daji, ko'ina a cike da ƙananan layuka, ba ya barin fili ko na ɗora yatsa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne abin da ya biyo bayan bitar. Ba a watse ba. Sun ci gaba da aiki wuri guda, ga shi dama sun saba da juna tun a wajen gwajin wasa, inda ba a jin kunyar a ce maka ka kwafsa. Kuma da yake kowa na ganin aikin ɗan'uwansa kullum, ba wanda yake so a ce ya yi satar fasaha, sai kowa ya nemi hanyarsa. Buraimoh ya dubi kambun sarakunan Yarbawa ya fara liƙa ƙananan duwatsun ado a kan katako. Fabunmi ya kama sassaƙa hotunan birane yana bugawa a takarda kamar hatimi, daga baya ya koma aiki da zare. Oyelami ya tsaya kan fuskoki da gidaje. Twins kuma ya riƙa yanka siraran katako yana ɗora wani kan wani. A ra'ayina wannan zaman taren ya fi kwanakin bitar tasiri nesa ba kusa ba.

Sai dai fa an yi suka, kuma sukar tana da ƙarfi. Wasu masu zanen da suka yi karatu suka ce ai maganar "ba mu koya musu komai ba" yaudara ce. In Bature ya tsaya a kanka ya yaba wannan ya yi shiru a kan wancan, ai ya koya maka abin da yake so. Suka ƙara da cewa masu sayen zanen yawanci Turawa ne mazauna Legas, masu son ganin Afirka ta dodanni. Ni dai ina ganin akwai gaskiya a ciki, musamman da masu kwaikwayo suka cika gari daga baya suna ta buga aljanu iri ɗaya saboda 'yan yawon buɗe ido. Duk wanda ya san yadda 'yan kasuwa ke juya akalar fim ya san wannan ciwon.

Amma masu sukar sun yi hasashen cewa da zarar Turawan sun tafi abin zai mutu, kuma nan ne suka faɗi. Zuwa 1967 su Beier suna can Papua New Guinea, samarin kuwa suka ci gaba shekaru da dama, ana baje kolin aikinsu a Turai da Amurka. A 2005 hukumar UNESCO ta naɗa Twins jakadanta na zaman lafiya ta fuskar fasaha. Ya rasu a 2011, shekarar da Beier ma ya rasu.

Kuma ko a cikin 'yan bokon ba kowa ya raina su ba. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta kwalejin Zariya a 1958, ya halarci irin waɗannan bitoci na Mbari. A 1998 ya buɗe tasa a Agbarha-Otor ta Jihar Delta, ana yin ta lokacin hunturu, inda farfesa da wanda bai gama firamare ba suke zama benci ɗaya.